Gitar da Maƙeri Ya Ji da Haƙori

Maigidana maƙeri ne, ubansa ma maƙeri. A garinmu, can gindin tsaunin da ke tsakanin Buza da Keita, kusan duk hauyar da ta shiga gona daga hannunsa ta fito. Masaba ta ba shi abinci, ita ce kuma ta cinye masa kunne. Tun ina goyon autata ya daina jin kiran salla, sai dai ya ga mutane sun miƙe shi ma ya miƙe. Amma bai daina gane ƙarfe ba. In ya gama hauya, sai ya kama bakinta da haƙori, ya ƙwanƙwasa gindinta da ƙusa. Abin da ya ratsa muƙamuƙinsa shi ke gaya masa ko ta yi, ko akwai tsaga a ciki.

Ɗanmu na fari shi ya kamata ya gaji maƙerar. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗi ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. Shekarar da fari ya kashe dabbobi, ya ajiye zugazugi ya bi samari zuwa Abijan. Ya daɗe ƙwarai. Sai bayan an fara aikin jera duwatsu a tsaunukan Keita ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da wani baƙin akwati a ka, da wani abu mai dogon wuya a kafaɗa. Gita ce, in ji shi. Da ita yake ci a can, a gidajen biki.

Na saba ganin gurmi da goge, kowanne da cikinsa na ƙwarya. Wannan ba ta da ciki, katako ne shafaffe da tsarkiyoyin ƙarfe. Ya aro batir wurin mai injin niƙa, ya haɗa da akwatin, ya kaɗa a tsakar gida bayan la'asar. Ina daka, na rage hannu. Muryarta siririya ce, mai tsabta, kamar ana zuba ruwa a sabuwar randa. Ban ɗaga kai ba.

Ubansa ya zauna yana kallon yatsu suna tafiya. Da anka gama ya ce, da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa: "Wanga shi na aikin da ka bar maƙera dominai? Susar katako?"

Yaron ya tattara kayansa. Washegari na ji yana gaya wa ƙanwarsa, da murya yadda zan ji, cewa in an gama yankan hatsi zai koma, kuma ba ya ganin dalilin sake dawowa gidan da ake ganin shi ɗan banza ne. Raina ya tashi. Ba ni da ikon in zaunar da shi in ce masa kada ya tafi. Sai na juya wajen akuyar da ke ɗaure a turke, na ce mata: "Ke, baƙon gidan ga ya mance da mi tsohonai ka gwada hauya?"

Yaron ya ji ni. Can ya tashi ya shiga ɗaki.

Ya fito da tsohuwar safa, ya zazzage ta a tabarma. Wasu ƙananan abubuwa biyu sunka faɗo, masu wutsiyar waya. Ya ce wa ƙanwar tasa sunansu mikiro, su ne kunnen gita, kuma irinsu ne ke maƙale ƙarƙashin tsarkiyoyin tasa. A cikin kowanne akwai mayen ƙarfe, an naɗe shi da zaren jan ƙarfe mai sirantakar gashi. In naɗin ya yi yawa, mayen kuma mai ƙarfi ne, sai kunnen ya tura wa akwati murya fiye da abin da zai iya ɗauka, muryar ta fashe, ta koma gurnani. Ya ɗaga na farko, ya ce ɗan'uwan wanda ke jikin gitar ne, ya ɗan fi shi kauri kaɗan. Ya ɗaga na biyu, mai faɗi kamar an haɗa biyu wuri ɗaya. Ya ce wurin wani mai gyara kusa da tashar jirgin ruwa ya samo shi, daga jikin gitar wasu masu kiɗin da ke sa bango rawa. Ya taɓa sa shi, masu biki sunka ce ya cire, yana tsorata amare.

Yarinyar ta ce: "To yaya, in ka sa shi, daɗin hwa?"

Ya ce: "Daɗin shina raguwa. Ba a samun duka biyu."

Sai dai canza kunnen yana son dalma da ƙarfe mai zafi, kuma wuta irin wannan wuri ɗaya take a garin. Da safe na gan shi ya nufi maƙera da kayansa. Na ɗauki tulu na bi bayansa, wai zan ƙara ruwa a kwamin da ake tsoma ƙarfe. Kwamin cike yake.

Ya zauna bayan zugazugi, inda yake zama yana yaro, ya fara hura wuta. Ubansa ya dube shi, ya dubi abubuwan da ya ajiye a ƙasa. Ƙasar maƙera cike take da ɓarɓashin ƙarfe. Tsohon ya ɗaga na farkon, siririn, ya ga ɗan gashin baƙi ya manne masa. Ya ɗaga mai faɗin, ya gan shi ya yi gemu, har wata basilla ta yi tsalle ta maƙale a gefensa. Ya ja basillar, ta ƙi sakuwa da sauƙi. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Wanga shina da zuciya," in ji shi.

Shi da kansa ya sa ƙusa a wuta, ya riƙe ta da awartaki, yaron yana narkar da dalma a bakin wayoyin. Kawunansu sunka kusa haɗuwa. Da anka gama, yaron ya haɗa batir, ya murɗa akwatin har ƙarshe. Sannan ya ɗauki awartakin, ya kafa baki ɗaya a jikin akwati, ya miƙa wa ubansa ɗaya bakin. Tsohon ya gane. Ya durƙusa ya ciza.

Yaron ya saukar da hannu a kan tsarkiya mafi kauri.

Ni dai na saki tulun. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kamar tsawa ce anka ɗaure da igiya ana jan ta a kan dutse. Ruwan kwami ya yi ta kaɗawa, jakunan da ke bakin rijiya sunka fara kuka. Maigidana ya rufe ido. Yaron ya ci gaba, bugu uku da hutu, bugu uku da hutu, tafiyar masabar ubansa ce in yana faɗaɗa bakin hauya. Ashe a can ma ita yake ji.

Tsohon ya daɗe a haka. Da ya saki awartakin, ya tofar da tsatsa, ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙi ne.

"Babu tsaga," ya ce. "Ka tahi in za ka tahi. Amma gaban damina ka komo, hauyu suna yi mini yawa. Ka zo da abin ga."

Ya tafi bayan kaka, ya kuma dawo gaban damina, shekara bayan shekara, har ranar da munka binne ubansa. Bai sake cire mai faɗin ba. Ni kuwa, gaskiya, gurnanin nan bai taɓa yi mini daɗi ba. Muryar farko nake so, ta ruwa a randa, kuma sau ɗaya na ji ta. Ban gaya masa ba, ba maganar da uwa ke yi da ɗan fari ba ce. Siririn kunnen da ya cire ranar nan, ya bar shi a bakin ƙofar ɗakina kamar mantuwa. Yana nan cikin kwandon ɗinkina. In allura ta faɗi cikin rairayi, da shi nake neman ta.