In Aka Ɗauke Wuta Muna Sama Fa?

Ni ba mai yawo ba ce. In ka ga na bar gidanmu na Ƙofar Marusa, to biki ne ko gaisuwar rasuwa. Amma bayan ƙaramar Sallah jikata ta tasa ni gaba da kuka. Wai duk 'yan ajinsu sun hau jirgin lilon nan na wurin wasan yara, mai hawa sama ya gangaro a guje, ita kaɗai ta rage, har suna kiranta matsoraciya. Ga shi ba a barin yara su hau sai da babba, uwarta kuwa tsohon ciki gare ta.

Na yafa mayafi muka tafi.

Muna isa aka saki jirgin da mutane. Ni kunne gare ni, ko injin markaɗen maƙwabta ya sauya kuka daga ɗakina nake ganewa. Yana hawa na ji ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashinsa. Na damƙe hannun yarinya.

"Ƙawata, mu koma gida. Wani abu ya kwance a jikin abin nan."

Mai kula da jirgin ya ji ni. Wani dattijo ne mutumin Filato. Muka gaisa, ya ce, "Mama, haƙoran ƙarfe ne kike ji. Yana hawa suna riƙe shi, ko ya so komawa baya ba hali."

"To in aka ɗauke wuta muna sama fa? Ko direba babu, wa za ya taka birki?"

Ya yi dariya, ya ce birkin ba a jikin jirgi yake ba. Ya nuna mani ƙarafa biyu a kan layin, kamar bakin awartaki. Kullum a tsuke suke, in ji shi, wuta ce ke buɗe su jirgi ya wuce. In ta ɗauke, sai su damƙe.

"Malam, sai na gani da idona."

Bawan Allahn nan bai ji haushi ba. Ya saki jirgin ba kowa ciki, yana gangarowa ya kashe wutar da hannunsa. Na ji tsss, ƙarafan suka cafke shi, ya tsaya cak a gabanmu.

"Kaka, kin gani? Ko tsufa ne ya hana?" in ji ja'irar.

"Ungo naki! Wuce mu tafi."

Na ɗaure mayafi a ƙugu, na yi bisimilla, aka sauke mana ƙarfen tsaro a cinya. Ba zan yi ƙarya ba, a gangaren farko salati na yi ta jerawa, kallabina ya yi nasa wuri. A na biyu kuwa sai na ji ina rangaɗa guɗa, ni mai jikoki bakwai! Yarinya ta saki hannuna, ta ɗaga nata sama tana ihu.

Muna saukowa sai ga 'yan ajinsu biyu a layi, sun saki baki, ɗaya har ido ya raina fata. Jikata ta gyara hijabi, ta dube su sama da ƙasa.

"In tsoro kuke ji, kakata za ta raka ku."

Na kuwa raka su.