Layin da Ya Gagari Azariya

Azariya mai gyaran wayar tarho mutumin Madakiya ne, gajere, ga taurin kai. Ni Afiniki katanga ɗaya ce ta raba mu a Kafanchan, don haka ba labari aka ba ni ba.

Bayan rikicin 87 shi ya bi sanda sanda yana ɗaura wayoyin da suka ƙone. Yana da wata dabara tasa. In aka kawo ƙara cewa layi na cinye magana, sai ya hau sanda, ya maƙala 'yar wayarsa, ya kira kantin Misbahu, inda Paulina, matar Azariya, ke tuyar ƙosai a bakin ƙofa. Ta goge hannu a zani ta ɗauka, ta rera masa wata waƙar coci da ya haddace. In kalma ta ɓace a hanya, ya san tsatsa ko ruwa ya shiga mahaɗi. Mu dai dariya muke, muna cewa zance ne kawai aka fake da aiki!

A daminar 94 waƙar ta fara iso masa da giɓi. Ya kankare mahaɗi, ya sare reshen mangwaro, ya canja waya, giɓi na nan. Ya koma wata unguwa, duk kanwar ja ce.

Misbahu ya ce, "Malam Azariya, ni fa har Kaduna nake ji tangaran."

Ni ma na tare Azariya na ce, "Baban Miriyam, jiya Paulina tana cikin magana ta tsaya cak, sunana ma ya ɓace mata. Ka kai ta asibiti."

Ya ce in kula da tukunyata. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, sai kuma tausayinsa ya kama ni, don na san tsoro ne ya hana shi ji.

Wata Lahadi bayan an taso coci, suna zaune a tabarma ina tsinkar zogale, ya ce ta rera masa. Ta fara, kalmomi suna zubewa, ga ta ga shi, babu waya a tsakani. Likita ya ce ciwon a kai yake, kuma an makara. Ba ta ga haƙar citta ba.

Ranar da muka dawo daga binne ta, ya dube ni ya ce, "Afiniki, kaf garin nan babu sandar da ban hau ba ina neman ciwon, ashe a ɗakina yake kwana."