Ranar da Abla Wadida Ta Yi Waƙa Daga Gefen Dandamali

Shekara takwas na yi ina tsayawa a hagun Abla Wadida Fanus cikin 'yan amshin gidan opera, gidan da ake wasan kwaikwayo da waƙa zalla, a layi na biyu, inda hasken fitila bai cika kaiwa ba. Lokacin da aka ɗauke ni ina 'yar shekara ashirin da uku, ita ta riga ta yi shekara goma sha tara a wurin. Shi ya sa muke ce mata Abla, wato babbar yaya. 'Yar unguwar Shubra ce, mahaifinta mai gyaran agogo. Gajera ce mai jiki, tana ɗan jan ƙafar dama saboda shan-inna da ya taɓa ta tun tana ƙarama. Muryarta irin mai zurfin nan ce, wadda in ta sauka ƙasa sai ka ji ta a ƙirjinka. Sau shida ta shiga gwajin neman zama babbar mawaƙiya, sau shida ana ce mata muryar ta yi, amma dandamali yana son mai tafiya daidai.

Duk da haka ba ta daina shiri ba. Kowane wasa za mu yi, sai ta haddace rabon babbar mawaƙiya mai irin muryarta, wato duk abin da za ta rera a wasan, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya sa ta. A jirgin ƙarƙashin ƙasa take bita, littafi a cinya, leɓe na motsi ba sauti.

A makona na farko ta tsare ni a ɗakin sa kaya, tana shan shayinta na yansun, wani tsiro mai ƙamshi da ake sha don maƙogwaro.

"Nirmin, kin iya Italiyanci, ko haddar aku kike yi?"

"Ina dai furtawa daidai, Abla."

"To je ki koya, 'yata. In ba ki san abin da kike faɗa ba, har na kujerar ƙarshe zai gane. Kuma wannan waƙar da na ji kina ja jiya, ajiye ta. Ta fi ƙarfin maƙogwaronki. Sai kin haura talatin."

Na ji haushi, amma na ajiye. Haka take, ba ta dogon wa'azi. Ki zo da wuri. Ki gaida mai fiyano da masu ɗinki, don su suka san abin da ke faruwa kafin kowa. Kada ki yi hira a wuri mai hayaniya in gobe akwai wasa.

A shekarata ta uku, cikin sanyin Janairu, muka sa wani wasa na wata mai masaukin baƙi da aka tafi da ɗanta yaƙi. Gihan ce ta samu rabon matar. Doguwa ce, kyakkyawa, ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Italiya ba, kuma ta iya waƙa, wannan ba gardama. Bakinta ne dai ba linzami. Wata rana ta wuce Abla Wadida tana bitar rabonta a kusurwa, ta tsaya ta yi dariya.

"Abla, har yanzu ana hadda? Wa za ki rera wa, tukunyar wake?"

"Ita ma tana da kunne," in ji Abla Wadida, ba ta ɗago kai ba.

Ranar Juma'a muna da wasan rana, ƙarfe uku. Mura ta shiga gidan tun farkon mako, har wadda aka tanada don ta maye gurbin Gihan tana kwance a gida da zazzaɓi. Zauren ya cika maƙil. Tun baitin farko na ji Abla Wadida ta ɗan taɓa ni da gwiwar hannu. Gihan tana tura muryar da ƙarfi, jijiyar wuyanta ta fito. Kafin ƙarshen kashi na farko, ta kai hannu ga wani sauti mai tsawo, sai muryar ta tsage, abin da ya fito iska ce kawai. Makaɗa suka rufe ta da kiɗa, labule ya sauka.

Hutun minti ashirin ne. Ustaz Hamdi, jagoran makaɗa, ya hauro daga ramin makaɗa da ke gaban dandamali, har yanzu sandar da yake jagorantar kiɗa da ita na hannu, ya shiga ɗakin Gihan. Mu 'yan amshi muka taru a bakin ƙofa. Ya ce ta gwada. Ta gwada, ba abin da ya fito sai kakari.

"Zan iya, Ustaz," ta ce da raɗa. "A kawo min ruwan zafi."

"Da me za ki iya? Saura kashi biyu, kuma babbar waƙar tana gaba." Ya dubi agogo. "Sai dai a sallami mutane."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ustaz, Abla Wadida ta iya rabon duka."

Ya juyo. Yana cikin waɗanda suka ce mata a'a, sau biyu. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Duka?"

"Duka, Ustaz."

"Yaushe rabonki da yin ta tare da makaɗa?"

"Ban taɓa ba."

Ya shafa goshi. Rigar Gihan ba za ta shige ta ba, kuma a kashi na uku matar tana hawa matakala da gudu har sau biyu. Sai ya yanke shawara: Gihan ta ci gaba da wasa a dandamali tana motsa baki, Abla Wadida ta rera daga gefe, inda 'yan kallo ba za su gan ta ba.

Gihan ta miƙe. "Ni in tsaya ina buɗe baki kamar kifi a faranti? Gara in mutu a can."

Abla Wadida ta shiga ɗakin, ta kama kafaɗarta ta zaunar da ita.

"Yi shiru. Kowace kalma kika furta yanzu ƙara yanka maƙogwaron kike yi. Kina da shekara talatin na waƙa a gabanki, kada ki zubar da su saboda yammacin yau. Ki riƙa kallon kafaɗata. In ta ɗaga, na ja numfashi, ke ma ki ja."

Hawaye ya ɓata wa Gihan kwalli. Ta gyaɗa kai.

Saura minti shida muka gano wata matsalar. Inda za a tsayar da Abla Wadida, bangon katako na masaukin da aka kafa a dandamali ya tare ta daga ganin sandar Ustaz Hamdi. In ta matsa gaba, 'yan kallo za su gan ta. Akwai wata 'yar kafa tsakanin bangon da labule, taku huɗu daga gare ta, inda mutum zai iya hango shi. Ta ciro farin hankici daga hannun rigarta ta danƙa min.

"Tsaya can. Duk abin da sandarsa ta yi, hannunki ya yi."

"Abla, in na makara fa?"

"To mun makara tare. Kada ki kalle ni ko sau ɗaya. Shi kaɗai za ki kalla."

Aka fita gaban labule aka yi sanarwa. Gunaguni ya tashi a zauren. Wani daga sama ya ɗaga murya ya ce, "Mun zo kallo ne ko sauraren rediyo?" Wasu suka yi dariya. Abla Wadida ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ni kuma na karanta abin da ya zo bakina.

Shigarta ta farko ta makara, kuma laifina ne. Na saukar da hankicin bayan sandar ta riga ta sauka. Na ga idon Ustaz Hamdi ya watso min harara daga ramin, ya ja makaɗa baya har ta kamo su. Daga nan na daina tunani, na zama hannu kawai. Muryar tana fitowa ta bayan kafaɗata, ta wuce ni, ta cika zauren, ba makirufo ba komai. Tarin da ake yi a kujeru ya ragu, can ya ɗauke.

Kashi na biyu ya wuce. A ɗan hutun na waiwaya na gan ta ta riƙe wani ƙarfe da ake ɗaure igiyoyi, ƙafar daman tana karkarwa. Na jawo mata kujera.

"In na zauna numfashin zai gajarta. Mayar."

Babbar waƙar tana tsakiyar kashi na uku, inda matar ke saman matakala tana kiran ɗanta. A cikinta akwai wurin da makaɗa duka suke yin shiru, mawaƙiya ta ci gaba ita kaɗai kusan minti guda, sannan sarewa ta shigo a kan sautin da ta tsaya. In muryar ta zame ko kaɗan a cikin shirun, sarewar za ta tona asiri kowa ya ji. Abla Wadida kuwa ta fi awa ɗaya tana rera abin da ba ta taɓa rerawa da cikakkiyar murya a zaure ba.

Ustaz Hamdi ya sauke sanda. Ni ma na sauke hankici. Ba abin da zan iya yi mata kuma. A saman matakala Gihan ta juyo da fuska wajenmu kamar mai duban hanya, idonta a kan kafaɗar Abla. Muryar ta hau a hankali. Na ji ta sirance a sama, ta ɗan girgiza, na ce a raina shi ke nan. Ba ta riƙe sautin ƙoli yadda aka rubuta ba, ta sake shi da wuri ta gangaro. Mai sarewa ya kai ta baki, ya busa, sautin biyu suka haɗu kamar abu ɗaya.

Da labule ya sauka na sami Abla Wadida zaune a kan wani akwati, ta cire takalmin dama tana matsa ƙafar. Ana tafi, ana kiran a fito da mai muryar. Ta ce ba inda za ta. Gihan ta zo, ba ta ce komai ba tunda an hana ta magana, ta durƙusa ta sa mata takalmin, ta ja hannunta. Haka ta ratsa dandamalin daga wannan gefe zuwa tsakiya, cikin tufafin 'yan amshi, tana jan ƙafarta a gaban mutum fiye da dubu. Suka miƙe tsaye.

Likita ya hana Gihan magana mako shida, sai rubutu a takarda, bayan haka muryarta ta dawo. Abla Wadida ce ta rera wasanni biyu da suka rage mana daga gefe. Da aka maimaita wasan a shekara ta gaba, Ustaz Hamdi ya sa aka cire matakalar, ya ba ta rabon a kan dandamali. A shekara biyar da suka biyo ta samu manyan rabo uku. Jaridu sun yabe ta, amma ita ta san muryar ta fara juyawa. Sau ɗaya ta faɗa min, muna jiran jirgi: "Da shekara goma da suka wuce ne, Nirmin, da kin ji abu."

Yanzu ta bar aiki. Gwiwoyin sun ƙi, a zaune take koyarwa a falonta na Shubra, ɗalibai bakwai, tsohon fiyano ɗaya. Watan jiya na kai mata ziyara na tarar da wata yarinya 'yar garin Asyut tana rera wata 'yar gajeriyar waƙa, tana ta maimaita layi ɗaya. Da yarinyar ta tafi, Abla ta ce min, "Ki gaya wa Ustaz Hamdi zan turo masa wannan ranar Talata ya saurare ta. Amshi kawai, kada ya kuskura ya ba ta fiye da haka bana. Ki ce ni na ce."

Na gaya masa. Ya yi ƙorafin cewa jadawalinsa ya cika, sannan ya ce ta zo ƙarfe goma sha ɗaya.