Editar Layinmu Ta Rufe Shago

Kai mai karatu, ina jan kunnenka tun kafin ka yi nisa. Idan hoton nan nata na kan gadon asibiti ya iso wayarka, ka goge shi, kada ka tura wa kowa. Mace mai mutunci ba ta cancanci a yi yawo da ita haka ba. Wanda ya ɗauka kuma, Allah ya shirye shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan jiya, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran maƙwabciyarmu mai shagon buga takardu, wadda yara da manya ke kira Anti Edita, bayan jinyar da ta yi fama da ita tun bara. Ni Yaya nake ce mata, kuma da haka zan kira ta a nan.

Yaya, ba ki taɓa aiki a gidan jarida ba. Shagonki ɗaki ɗaya ne: injin kwafi mai ƙara, kwamfuta, benci, da fankar nan da ba ta juyawa sai gefe guda. Amma a cikinsa kika tsayar da jaridar unguwa, wadda kowa ke rubutawa don Allah. Direban bas ya turo cewa gada ta tsage. Ungozoma ta sanar da ranar rigakafi. Mai gadi ya ce fitilar bakin layi ta mutu. Ke ki tace, ki gyara, ki sa a zauren waya, sannan ki buga takarda guda ki manna a ƙofa saboda tsofaffin da ba su da waya. Na sha ganin kin bar aikin da ke gabanki kin fito kina karanta wa wani tsoho da idonsa ya yi rauni, har ki maimaita masa inda bai ji ba. Ƙa'idarki kuwa kowa ya haddace ta: labari ba ya fita sai mutum biyu, ban da wanda ya kawo shi, sun tabbatar.

Ni ban so aikin ba, kuma ban ɓoye miki ba. A wurina 'ya mace ta riƙe waya tana bin layi tana tambayar abin da bai shafe ta ba, tsegumi ne aka ɗinka masa riga. Da 'yata ta fari ta gama sakandare ta ce za ta shiga cikin masu kawo labari, na yarda ne kawai don ke ce a wurin, kuma da sharaɗi: ranar da ta jawo mini magana, ranar ta bari. Ke kika raɗa mata suna Gaggawa, saboda tana turo labari tun ba ta gama jin ƙarshensa ba. Sunan ya bi ta har gida, har ubanta ma da shi yake kiranta.

Maganar ba ta daɗe ba ta zo. Zawo ya kama yara a unguwa, ke kuma kina asibiti a kwanciyarki ta farko. Gaggawa ta leƙa ta katangar Baba Mai Tanki, tsohon da ke sayar mana da ruwa, ta hango tanki ya yi kore da gansakuka, ta ɗauki hoto ta tura. Mutum biyu suka ce sun tabbatar, labari ya fita cewa ruwan Baba ne ke sa yara zawo. Ashe su biyun ba wanda ya taka ƙofar Baba. Hoton Gaggawa suka kalla a wayoyinsu suka ce lallai haka ne. Tankin kuwa tsoho ne, an daɗe da jingine shi a bayan gida. Kafin a farga layin jarkoki ya watse daga ƙofar bawan Allah, matarsa ta zo har tsakar gidana tana kuka.

Na ƙwace wayar na kulle a durowa. Har yau ban ce na yi ba daidai ba, uwa ce ni. Sai ga ki washegarin sallamarki, kina dafa bango, filastar allura ba a ma cire daga bayan hannunki ba.

Kika ce, "Maman Gaggawa, wayar da ke durowa, ita ce ta leƙa katanga?"

Na ce, "Yaya, sharaɗi muka yi."

Kika ce, "Mun yi. Amma idan kin cire ta yau, abin da za a riƙa tunawa da ita ke nan: yarinyar da ta kashe wa tsoho kasuwa ta ruga ɗakin uwarta. Ara mini ita zuwa la'asar."

Na ara miki, na kuma yafa mayafi na bi ku, don ban yarda a yi komai a bayan idona ba. Kika sa ta durƙusa ta gaishe shi, ta karanta masa gyaran labarin da bakinta. Baba ya dube ta ya ce, "Jikata, ke ce mai hoton? Ai da kin yi sallama kin shigo, da na nuna miki. Wancan tankin ko akuyata ta raina shi." Kika karɓi moɗa kika tara a famfonsa, kika shanye a gaban duk wanda ke wurin. Ya ce, "Edita, ƙara ɗaya, a rubuta cewa biyu kika sha." Ranar na ga mutumin da aka ɓata wa suna yana dariya, 'yata kuwa tana hawaye, kuma hawayen sun yi mini daɗi.

Ba ki tsaya nan ba, domin yara na nan ba lafiya. Kika ce kowane mai kawo labari ya bi layinsu ya tambaya: wane gida ne ke da yaro kwance, kuma daga ina suke ɗiban ruwa? Telan layinmu ya kawo nasa, ungozoma ta kawo nata, Gaggawa ta bi gidaje har takalminta ya tsinke. Da kika haɗa amsoshin sai ga shi duk gidajen daga bututu ɗaya suke sha, wanda ya fashe a cikin kwata. Aka kira masu gyara, zawo ya lafa, jarkoki suka koma ƙofar Baba. Gyaran labarin nan kuwa da manyan baƙaƙe kika buga shi, ya zauna a ƙofar shagonki har rana ta cinye tawadar. Tun daga ranar kika ƙara wa ƙa'ida gaɓa: ganin hoto ba gani ba ne, sai ƙafa ta je.

Yarinyar da kika mayar mini ta fi wadda na ara miki hankali. Yanzu ko ƙanenta ya kawo ƙara, sai ta ji ta bakin ɗayan kafin ta yanke. Wannan ban iya koya mata ba duk faɗan da nake yi, ke kika koya mata da yammaci ɗaya. Don haka zuciyata a kwance take. Kin yi aikinki, kin gama, mun shaida.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ƙanwarki wadda ta yi jinyarki ba ta gaji ba, da dukan masu kawo labari. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

A wurin zaman makoki tela da ungozoma sun same ni, suka ce suna so Gaggawa ta zama cikin masu tace labari a madadinki, idan na yarda. Ita kuwa ni kawai take kallo. Na ce zan yi tunani, kuma na yi. Jiya na tara 'ya'yana duka a tsakar gida, har ubansu, na faɗa musu. Duk Asabar Gaggawa ta shago ce, wanke-wanke da shara na ƙannenta maza ne, kuma ban son jin gunaguni. Sannan daga yau, ba wayar da za ta fitar da sunan wani daga gidan nan sai mai wayar ya je ƙofarsa da ƙafarsa, ya yi sallama, ya ji ta bakinsa. Wanda ya karya, wayarsa ta durowa ce, ko da ubansu ne.