Allunan Rufin Ɗakin Inna

Ɗakin mahaifiyata shi ne na can ƙololuwa a gidan Baffa da ke unguwar Tandabawi a Makka. Tsakaninsa da rana babu komai sai rufin siminti. Da rani, in ka taɓa bangon da la'asar sai ka janye hannu. Akwai tsohon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a taga, yana yini yana gurnani yana huro iska mai ɗumi. Inna tana da ciwon zuciya, likita kuma ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba: ko a yi wa zafin ɗakin magani, ko ta bar shi. Barinsa na nufin ta koma wurin yayata a Jidda.

"Ubana da ƙafa ya tako daga Katsina don a yi masa salla a Harami," in ji Inna. "Ni da aka haifa a nan za ka kai bakin teku in mutu?"

Baffa ba ƙanen mahaifina ba ne ciki ɗaya, iyayensu maza ne 'yan'uwa. A zamanin da ake ba da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, nasa uban ya karɓa, kakana kuwa ya ce shi baɗi zai koma gida. Bai koma ba. Shi ya sa Baffa ɗan ƙasa ne mai gida da sunansa, mu kuma masu iƙama ne, baƙi masu izinin zama, muna haya a samansa. Ba na son in zalunci mutumin, don akwai shekarun da ya yi mana sauƙi. Amma ban taɓa ganin ya yi alheri bai tanadi wanda zai ba labarin ba.

A shekarar da aka ƙara kuɗin kahraba, wato wutar lantarki, na ji labarin wata jam'iyyar agaji, wadda gwamnati ke mara wa baya, tana taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi da azil, wato abin da ake shimfiɗawa a kan rufi don ya tare zafi. Na karanta sharuɗɗan, na sake karantawa, don ina tsoron in ɗora Inna a kan fatan banza. Sai ɗan ƙasa, kuma sai mai gidan. A takarda Baffa ɗan fansho ne. Ana cewa yana da shaguna a Hindawiyya da sunan matarsa, amma ni ban gani da idona ba.

Na same shi na yi masa bayani, ina ta neman kalmar da ba za ta yi kama da roƙo ba.

"Kyauta?" in ji shi.

"Haka na fahimta, Baffa, sai dai in akwai abin da ban lura da shi ba."

"To karatun naka ya yi rana, Ustaz. Yalla, rubuta."

Ranar da ma'aikatan jam'iyyar suka zo dubawa, Baffa da kansa ya ja su zuwa sama, yana haki a matattakalar da rabonsa da ita tun ta'aziyyar mahaifina. Ya nuna musu Inna a kwance da jiƙaƙƙen tawul a goshi. Ya ce musu da Larabci yayarsa ce, amanar ɗan'uwansa ce, ba ya iya barci saboda ita. Ya share ido da gefen rawaninsa. Mai yiwuwa hawaye ne. A ɗakin nan kowa ma fuskarsa a jiƙe take.

Aka amince. Bayan ƙaramar salla mota ta kawo alluna shuɗɗa marasa nauyi, kamar kumfar da ta daskare, waɗanda muke kira filin. Aka ce masu shimfiɗawa sai bayan Hajji, saboda aikin gini yana tsayawa in mausim, lokacin zuwan alhazai, ya ƙarato. Muka jibge su a kan suɗuh, saman rufin kenan, muka lulluɓe da tamfol. Kullum Inna sai ta tambaye ni ko suna nan.

Wanda ya zauna a unguwanninmu ya san abin da mausim ke yi wa gidaje. Mai gida yakan matse iyalinsa da 'yan hayarsa, ya ba alhazai ɗakunan. Baffa yakan raba babban falon hawa na biyu da labule, maza a gefe, mata a gefe. A wannan shekarar na dawo daga aiki na tarar da tamfol a yashe. Na sauko, na ga allunanmu a tsattsaye a falon, an kafe su da katako da ƙusa, sun zama bangaye. Falo guda ya koma 'yan ƙananan ɗakuna kamar akurkin kaji.

Baffa yana tsaye yana sha'awar aikinsa.

"Ka ga fasaha? Alhaji yanzu ba ya son labule, ɗaki yake so."

"Baffa, ina ganin, ko da yake ban tabbata ba, in ƙusa ta huda su ba za su yi aikin da aka kawo su dominsa ba."

"Ina gani, ban tabbata ba! Ya waladi, in ka tabbata ka zo. Aro na yi. Da sunan wa aka kawo su?"

"Da sunanka."

"Khalas."

Hajjin shekarun nan a tsakiyar zafi yake faɗowa. Ƙafafun Inna suka kumbura, numfashinta ya riƙa yankewa da azahar. Na kira yayata, muka tsai da magana cewa in alhazai sun tafi Mina za ta turo mota. Ban faɗa wa Inna ba, amma ta gan ni ina haɗa magungunanta wuri ɗaya, ta juya fuskarta bango.

Alhazan da Baffa ya saukar mutanen wajen Katsina ne. Alhazanmu kuwa, da zarar sun ji akwai tsohuwar da asalinta garinsu ne, ba sa barin Makka ba su gaishe ta ba. Bayan la'asar matan suka hawo da ƙullin yaji da daddawa. Jagorarsu wata Hajiya ce mai ƙiba da babbar murya, 'yar kasuwar atamfa. Tana shiga ta tsaya a bakin ƙofa.

"Innalillahi! Baba, a tanda suka ajiye ki?"

Inna ta yi dariya, ta ce haka Makka take.

"A'a, mu ma a Makkar muke, ɗakinmu ba haka yake ba. Kai, saurayi, ɗanta ne kai? Ba abin da ake yi wa wannan?"

Na fara bayani a hankali, ina kauce wa ambaton Baffa. Na ce akwai wani tsari, an kawo kaya, amma an ɗan samu jinkiri. Inna ta katse ni.

"Bangon ɗakinku shi ne rufina, 'yata."

Hajiyar ta dube ni, ta dubi silin. Ta juya ga 'yan'uwanta.

"Mun sayar da gonaki da shanu mun zo neman gafara, ashe a cikin inuwar tsohuwa muke kwana. Ku tashi."

Suka sauka. Da hannu suka ɓamɓare allunan ɓangarensu, suka ɗaura igiya suka rataya zannuwa a wurin. Kowacce ta ɗoro allo a ka ta hawo da shi, suna tsokanar juna a matattakala, wata na cewa ko tallan tabarma ba ta taɓa yi da wannan sauƙin ba. Ni na jera su a kan rufin ɗakin Inna, muka danne da bulo.

Baffa ya iso muna cikin aikin. Ya buɗe baki, sai Hajiyar ta riga shi.

"Alhaji, sannu da ƙoƙari. An ce kai ka nemo wa Baba waɗannan. Mun ga aiki ya yi maka yawa, muka taya ka hawo da su."

Baffa ba shi da tasrihi, wato izinin hukuma na saukar da alhazai, shi ma ya sani, maƙwabta ma sun sani. Hayaniya a saman rufi a irin waɗannan kwanaki ba abin da zai so ba ne. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya sauka.

Na ɓangaren maza ba wanda ya taɓa su, don haka allunan ba su rufe ɗakin duka ba, sai wajen rabi. Muka ja gadon Inna zuwa wannan rabin. Ba zan ce ɗakin ya yi sanyi ba. Amma mukayyif ya fara huro iskar da za a iya kiranta iska, kumburin ya ɗan sauka, kuma na kira yayata na ce a dakata da motar.

Da masu shimfiɗawa suka zo bayan Hajji, allunan ɓangaren maza duk sun kakkarye, wasu an kafa musu ƙusoshin rataya jaka. Suka yi aiki da waɗanda suka tarar a sama. Har yau rabin rufin ne ke da azil.

Inna ta yi sauran shekarunta a wannan rabin, kuma a Harami aka yi mata salla. A zaman makoki na ji Baffa yana ba baƙi labarin yadda ya yi ta hawa da sauka har gwamnati ta gyara wa yayarsa rufi. Ina zuba musu gahawa a lokacin. Da na zo kansa ya miƙo finjali bai dube ni ba, na zuba masa.