Teburin Naman Baffa

Jiya a mayanka wani dillalin shanu ya ce mini, "Yi maneji." Sai na tuna Baffa, ƙanin mahaifina. Iyakar Turancinsa ke nan. In wuƙa ta dakushe, a yi maneji. In zazzaɓi ne, a yi maneji.

Ranar da na datse yatsa a teburin namansa na unguwar Djamboutou, shi ya ɗaure mini da tsumma, hannunsa duk kitse. Ya ce, "Yi maneji, ɗana. Bayan raina teburin nan naka ne."

Shekara ashirin na tsaya masa. Da ya rasu, takardar wurin ta fito da sunan ɗansa na Yaoundé, wanda ko hanji bai taɓa wankewa ba.

Allah ya jiƙan Baffa. Ni kuma ya ba ni ikon yafe masa, don har yau na kasa.