Ƙarfen Baba Yisa da Wayar Rahmat

Duk wanda ya taɓa kai wake kasuwar Kontagora ya san Baba Yisa, kuma ba lallai ne ya tuna shi da daɗi ba. Shekara talatin da ɗoriya yana sayen wake da dawa a rumfa ɗaya, yana sayar wa masu lodi zuwa kudu. Kayan aikinsa ɗan ƙarfe ne mai tsini da kogo, wanda ake soka wa buhu a ɗebo abin da ke ciki. Wasu a sama suke sokawa su wuce. Shi kuwa sai ya sa an kwantar da buhu ya soki gindinsa, don a cewarsa saman buhu na baƙo ne, gaskiya tana ƙasa. Ko limami ne ya kawo kaya, sai buhunsa ya sha suka.

To, mutum irin wannan ne 'yarsa Rahmat ta zo wa da labari. Shekararta biyu a jami'a, ta zo hutu, hutu ya ƙare ba ta ɗaure kaya ba. Ta ce ta koma tsarin karatu daga nesa: darasi a waya, gwaji a waya, sai babbar jarrabawa kawai za ta je.

Ya tambayi dalili, ta jero masa. Ɗakin lacca ɗaya mutum ɗari bakwai, na baya sai dai su kalli bakin malami yana motsi. Yajin aiki ya cinye mata wata da watanni tana zaune. Ga hanya, wadda duk ranar da ta hau mota uwarta Iya ba ta iya cin abinci sai ta ji ta sauka. A waya kuwa, in ba ta gane ba sai ta mayar da malamin baya ya sake faɗa.

Baba Yisa ya saurara har ƙarshe, ya ce a ransa wannan duk saman buhu ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ina aka taɓa jin makarantar da ba ta da ƙofa?

Abin da ya ƙara masa zargi, yarinyar ta ƙi zaman gida. Kullum sai ta biyo shi rumfa, wai a can sabis ya fi ƙarfi, ta zauna kan benci da littafi, ta toshe kunne da abin sauraron waya. In an kawo kaya ya ɗebo a tafinsa, sai ta matso ta ce bari ta gani, wai suna karanta ƙwarin hatsi a makaranta. Wani lokaci ta ce, "Baba, ka ga ramukan nan?" Shi kuma ya ce ya gani tun kafin ta buɗe baki, ya kori buhun.

Farko ya ɗauka korarta aka yi take ɓoyewa. Daga baya, ran da abin kunnen ya zare ya ji muryar namiji tana zuba kamar rediyo, sai biri ya yi kama da mutum. Ran Litinin ya karɓe wayar ya kulle a akwatinsa. Iya ta yi roƙo, ta ce akwai gwaji ran Alhamis, in ya wuce yarinyar shekara guda ta tafi. Ya ce ta tafi ɗin. Sai an faɗa masa gaskiya, kuma rumfa kada ya sake ganin ƙafarta.

Ran Laraba Silas ya iso daga Dukku da wake buhu shida. Manomi ne da suka shekara ashirin suna hulɗa, kuma cikin shekarun nan ba a taɓa ɗaga wa buhunsa ƙafa ba. Baba Yisa ya soki na farko, ya zuba a tafi, ya kai kusa da fuska, ya ce wannan ya yi.

Silas ya ce, "Yisa, sake dubawa. Wannan shi ne na bara, ƙwari sun ci rabinsa. Na ware shi ne in ba ka da araha."

Baba Yisa ya sake dubawa. Fari kawai yake gani, kamar an shafa wa waken hazo. Ya murza da yatsa, sai ga gari.

Silas ya rage murya ya tambaya ina yarinyar take. Bai jira amsa ba, ya ce ai duk layin an sani. Tun bara wasu suka gane idon Baba Yisa ya yi rauni, suka riƙa tura masa ragowar rumbunsu, masu lodi suna ƙorafi a bayansa. Ba su daina ba sai da ta fara zama kan bencin nan.

Kunya ta kama Baba Yisa irin wadda bai taɓa ji ba. Shi da yake ganin ya fi kowa ido a kasuwa, ashe shekara guda ana masa kallon tausayi. Ya rufe rumfa tun kafin azahar.

Ya tarar da Rahmat a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya zauna, ya ce ta faɗa masa na ƙasan. Ta ce duk abin da ta faɗa masa gaskiya ne, cunkoson da yajin aikin da hanyar, rabin 'yan ajinsu ma saboda su suka koma waya. Amma ita, da don waɗannan kaɗai ne, da ta daure. A hutun bara ne ta ga ya karɓi buhun da ko akuya za ta yi tunani kafin ta ci, ta kuma san in aka ce masa ya je a duba idonsa, cewa zai yi likita na neman na cefane.

Ya ce, "Darasin ƙwarin hatsin fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Koyar da yara nake karanta, Baba. Babu wake a ciki."

Zarginsa bai faɗi ƙasa ba, akwai abin da aka ɓoye, sai dai bai ji daɗin cin wannan gardamar ba ko kaɗan. Ya tashi ya buɗe akwati, ya lalubo wayar ya miƙa mata. Har ya juya, ya tambaya ko mai surutun nan na cikin wayar yana da mata. Ta ce malaminsu ne, jikokinsa ma sun kusa kai ta.

Ran Alhamis ta yi gwajinta a kan benci, buhun wani mutumin Rijau yana jira. Baba Yisa ya ce masa ya yi haƙuri, ana jarrabawa. Da ta gama, ya sa aka kwantar da buhun, ya soki gindinsa kamar yadda ya saba. Sannan, a gaban duk 'yan layin, ya kamo hannun Rahmat ya zazzage waken a tafinta, ya tsaya yana jiran abin da za ta ce.